Agwagwar Takwara da Mai Gadin da Ya Ƙi Buɗe Ƙofa

Babba, ka ajiye duk abin da yake hannunka ka saurare ni yanzun nan. Ko cokali ne ka ajiye shi, in a wurin aiki kake ka nemi lungu ka tsaya. Kar ka ce sai ka koma gida, kar ka ba wani ya karanta ya taƙaita maka. Maganar Takwara ce, 'yarka ta fari mai sunana, kuma motar da ka sa ƙaninka ya nemo don a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa tana nan zuwa ƙarshen makon nan. Ka hana ta zuwa. Bari in gaya maka dalili.

Nas ta ɗaga biro ta ce haba Inna, ba a fara wasiƙa haka kamar mai ihun gobara, sai an yi sallama tukuna. Maƙwabciyarmu ce, wadda ƙofarta take kallon tamu, ta bar aikin asibiti bara. Ita take rubutawa ni ina faɗa, tunda ka san uwarka ko sunanta aka rubuta a bango wucewa za ta yi. To, assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwar Takwara da ƙannenta. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku a inda kuke, Ya sa albarka a nemanku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar nan tawa tana nan da halinta, in zan hau bene sai na tsaya a kowane hawa mun gaisa da bango, amma dai ina hawa. Famfon kicin da kake tambaya an gyara, ya daina ɗiga. Jinina ne Nas ta auna da safe ta ce ya ɗan hau, na ce ai dole, ɗana ne ya tura shi sama.

Na kira ka a waya ai, ka sani. Kai kuma tun kana ƙarami in ka riga ka yanke abu sai ka dinga cewa to Inna, to Inna, kunnenka kuwa yana wani gari. Ina tsakiyar magana ka ce in kwantar da hankalina, ka san abin da kake yi, likita ne kawai zai duba ta. Shi ya sa na ce a rubuta, in ga ta inda za ka katse takarda. Nas za ta ɗauki hotonta ta turo maka ta waya, ba sai an jira kowa ba. Kuma ka tuna, ranar da kuka tashi ni ka bar wa yarinyar nan, ka ce Inna ga amana har ta gama karatu. Ta gama, ta kama aiki, muna kwana gida ɗaya muna tashi gida ɗaya. Kai ɗan guntun hoto ka gani a waya. Ni mutum nake gani kullum.

Bari in faɗa maka abin da ƙaninka Auta ya gani, don ina gidan. Soket ɗin ɗakinta ne yake tartsatsi, na ce ya biyo ya duba tunda gyaran wuta sana'arsa ce. Ya zo da rana da akwatin kayan aikinsa, ya durƙusa a bayan ƙofa yana kwance sukurori. Ita kuwa ta toshe kunnuwanta da abin nan da suke jin magana da shi, ta ba shi baya, ba ta ma san da mutum a ɗakin ba. A kan teburinta, tsakanin kwamfuta da kofin shayi, akwai wata 'yar agwagwa ta roba, rawaya, irin wadda ake jefa wa jarirai a bahon wanka. Sai ta ɗauke ta, ta kawo ta saitin fuskarta, ta shiga yi mata bayani tiryan-tiryan kamar malama da ɗaliba. Can sai murya ta tashi. Tana nuna mata fuskar kwamfuta tana cewa shi ne, wallahi shi ne, duba shi da kyau, ni na yi shi da hannuna, don me zai ce bai san shi ba. Ta girgiza agwagwar, agwagwa ta yi ɗan ƙara. Ƙanin nan naka, mutum da furfura a gemu, maimakon ya taɓa kafaɗarta ya ce 'yata lafiya, sai ya zaro waya ya ɗauka ya turo maka. Da ta shiga banɗaki ya sunkuce agwagwar ya jefa a akwatinsa. Soket ɗin ma bai ɗaure ba, yana nan yana reto a jikin bango har yau.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma da ya nuna min hoton a bakin ƙofa sai da na tsorata. Dama na ga kwana biyu abinci sai ta tsakura ta ture, shayi ya huce a gabanta in sake ɗumamawa ya sake hucewa. Nan take na tuna ƙanwata, wadda kuke ce wa Inna Ƙarama. Kai ba ka yi wayo ba lokacin. Jaririnta ya rasu, ta riƙa zama bakin taga tana yi wa filo waƙa. Ba ta taɓa kowa ba, ba ta zagi kowa ba. Maza suka taru a falo suka yanke, ba wanda ya shiga ya zauna ya tambaye ta. Aka zo da mota. Da aka dawo mana da ita hannunta rawa yake, kofi ba ta iya riƙewa, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya ƙara kiranta da sunanta a bayan idonta. Ga Nas nan ta ajiye biro tana min faɗa, wai likitocin yanzu ba haka suke ba, kuma mai ciwo a kai shi asibiti shi ne gata. Na yarda, rubuta cewa na yarda. Da Takwara ba ta da lafiya, ni zan riƙe hannunta in kai ta da gwiwar nan tawa. Amma a fara tambayar mutum mana. Abin da na yi ke nan.

Na haɗa shayi na shiga, na same ta a durƙushe tana leƙen ƙarƙashin gado. Ta tambaye ni ko na ga agwagwarta. Ban ce mata baffanta ne ya ɗauke ba. Na zauna bakin gado na ce Takwara dube ni nan, tsakaninki da Allah, agwagwar nan tana amsa miki? Babba, yarinyar nan ta yi dariya har ta kwanta a ƙasa tana riƙe ciki. Ta ce Kaka, ranar da ta amsa ai ni zan riga ki fita daga ɗakin nan, da gwiwar taki da komai sai dai ki biyo ni. Wai amfaninta ke nan, ba ta amsawa, ba ta san komai ba. Masu irin aikinsu haka suke yi. In abu ya cuɗe musu sai su sami abin da bai san komai ba su yi masa bayani daga farko, layi bayan layi, ba tsallake. Wai in wanda ya sani kake yi wa bayani sai ka riƙa tsallake wasu wurare, kana cewa wannan ai ka sani, a wurin da ka tsallake ɗin nan kuwa ɓarnar take kwance. In kuma da baki kake faɗa, kunnenka yana kama abin da idonka ya wuce. Na ce to ai ni ma in makulli ya ɓace min da baki nake nemansa, ba wanda ya taɓa turo min mota. Sai ta dubi gurbin agwagwa, ta dube ni, ta ce Kaka, ke me kika sani game da kwamfuta? Na ce ko kunna ta ban iya ba. Ta ce an ɗauke ki aiki.

To, kai da kake ubanta, in aka tambaye ka sai ka ce tana aikin kwamfuta, shi ke nan. Bari in ba ka abin da na kwaso a zaman da nake yi. Kamfaninsu suna haɗa wa ɗakin magani na wani asibitin yara tsarin da zai riƙa fitar da awon maganin da za a ba kowane yaro. Manhaja suke ce masa. Akwai yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, a cikin yaren kuma akwai wani abu da ta faɗi sunansa harshena ya ƙi ɗauka, sai na sa masa mai gadi, ita ma ta bi ni a haka. Ba mutum ba ne fa, kar ka ce a ƙara min kujera a motar. Aikinsa, duk abin da za a miƙa daga wannan sashe zuwa wancan sai ya tare shi a ƙofa ya tambaya, kai wane iri ne? In lamba ake jira aka kawo rubutu sai ya hana, ya watso jan rubutu a fuskar kwamfuta. Ire-iren da aka haife shi da su ya san su sarai, lamba, rubutu, e ko a'a. Inda matsalar take, shi a wurinsa biyar biyar ce. Biyar ta awon nauyi, irin na ƙwaya, da biyar ta awon ruwa, irin maganin da ake ɗura wa yaro a cokali, duk lamba ce, ku wuce. Nas ta ce a nan ne ake halaka yaro ba a sani ba, ta taɓa ganin wanda Allah ne kawai Ya tsare. Rubuta mana, ai ke kika faɗa.

Shi ne Takwara ta ce ba da ita ba. Ta ƙirƙiro nata iri biyu, Awon Nauyi da Awon Ruwa, ta gabatar wa mai gadi ta ce ga su, ka riƙa bambancewa. Daga nan rigima ta tashi. Da farko suna kawai ta raɗa musu. Mai gadi ya ce ya ji. Da ta gwada shi, ta miƙa na ruwa a ƙofar na nauyi, sai ya wangale ƙofa, don shi a ganinsa hula kawai aka canza wa lamba. Ta rushe ta sake gini, ta yi wa kowanne jikinsa daban. Sai gogan naka ya juye ya zama ɗan sanda. A haɗa nauyi da nauyi, ya ce ba a koya masa haɗa wannan irin ba. Ta koya masa. A duba wanne ya fi yawa, ya ce wannan ma bai sani ba. Ta koya masa. Ta ce min abin haushin, in lambarsa ce ta gado ko ɗaga kai ba ya yi, amma naka da ka yi da hannunka, kowane taku sai ka kawo shaida. Har aka zo kan wadda ta hana ta cin abinci. A ƙofar ƙarshe, inda ake fitar da awon da za a liƙa a jikin kwalba, sai ya toge ya ce shi Awon Nauyi yake jira, abin da aka kawo masa kuwa Awon Nauyi ne, saboda haka ba zai wuce ba. Na ce ta sake karanta min. Ta sake, haka ɗin ne dai. Na ce wannan ko ni aka yi wa, ba girgiza agwagwa ba, ta taga zan jefa ta. Abin da ke cikin hoton da aka turo maka ke nan, ba ragi ba ƙari.

Hannun Nas ya gaji, ga kuma matar Auta ta shigo kawo min man shafawa na gwiwa, na ce zauna, Allah ne Ya kawo ki. In ka ga rubutu ya koma ƙanana, nata ne. Ta ce Inna don Allah kar ki sa ni rubuta zagin mijina. Na ce ni na haife shi, ke aro aka ba ki, rubuta.

Akwai wani abokin aikinta, Takwara tana ce masa Sarkin Sauri. Shi kullum a waya maganarsa ɗaya, wai akwai kalma guda da in ka rubuta ta mai gadi zai rufe ido kowa ya wuce. Wai ta sa kalmar a ƙofar nan su miƙa aiki su huta, shugabansu yana jira. Ina zaune na ji ta ce masa in za a rufe wa mai gadi ido a ƙofar da maganin yara yake fita, to a fara cire sunanta daga aikin. Ba ihu, ba kuka, murya a kwance irin ta marigayi babanka in ya ƙi abu. Kai gaya min, wanda hankalinsa ya taɓu haka yake magana? Rannan kuma suna taron nan nasu na cikin kwamfuta, kowa a ɗan akwatinsa kamar tagogin bene, sai ta juyo da kwamfutar wajena ta ce musu ga sabuwar agwagwarta. Na gyara mayafi na gaishe su. Suka fashe da dariya, kowa ya shiga ɗago nasa. Wata daga cikinsu ta ɗago 'yar tsana mai ido ɗaya. Sarkin Sauri kofin shayi ne nasa, an zana masa fuska a jiki. Shugaban nasu, dattijo mai sanƙo da tabarau, wallahi ya girme ka, ya miƙa hannu gefe ya ɗago agwagwa irin tata sak, sai dai tasa an ɗaura mata ɗan ƙyalle a wuya. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. In wannan hauka ne, mota ɗaya ba za ta ishe ku ba, sai ku nemo bas.

Aikin nawa kuwa, kujera ta ajiye min gefen taga da ɗan matashi a baya. Doka ɗaya ce, in yi shiru. Ka san uwarka, wannan ya fi min hawan bene wuya. Ranar farko ina ta sa baki, na ce ta kashe abin ta kunna, na ce ta kira shugaban mai gadin ta kai ƙara. Ta ce Kaka, agwagwa ba ta ba da shawara, in kika ƙara za a sallame ki. Na kama bakina. To rannan da hantsi ta sake ɗauko bayanin daga tushe. Gaskiya gyangyaɗi ma ya fara ɗibata. Sama-sama nake jin ta tana cewa duba nan Kaka, suna ɗaya, kama ɗaya, kamar ni da ke, sunanmu ɗaya amma in Nas ta kawo maganin hawan jininki ai ba za ta ba ni ba, tunda ba uwa ɗaya ce ta... Sai ta yi tsit. Shirun ne ya farkar da ni. Na ga yatsunta sun hau gudu a kan maɓallan nan.

Ashe Awon Nauyin biyu ne. Nata da ta gina yana sashenta. Sarkin Sauri kuma da zai yi nasa sashen, maimakon ya kira nata daga inda yake zaune, sai ya kwafe shi ya ajiye a wurinsa don kar ya ɓata lokaci. Suna ɗaya, kama ɗaya, haihuwa biyu. Mai gadi kuwa ba suna yake dubawa ba, inda aka haifi abu yake dubawa. Duk rigimar nan bawan Allah gaskiyarsa yake faɗa, bakin bayani ne kawai ba shi da shi. Ta goge na kwafin, ta nuna wa sashen Sarkin Sauri hanyar na asali, ta danna. Babba, jan nan da ya cika fuskar kwamfuta ya bi ya koma kore tun daga sama har ƙasa. Ta gwada miƙa na ruwa a ƙofar na nauyi, ya hana. Ta miƙa na nauyi, ya buɗe. Ta rungume ni har sai da gwiwa ta yi ƙara, ta wuce kicin ta cinye abin da ke cikin tukunya a tsaye. Ni ban ce uffan ba, kar wani ya ce maka ni na gano, barci ma nake. Amma dai ka lura, agwagwar nan ta daɗe a kan teburin ba ta tsinana komai ba a wannan rigimar, don ita ba takwarar kowa ba ce.

Kar ka ɗauka an gama fa. Yau da safe mai gadi ya tsiro da sabuwa. Wai in likita ya manta bai sa nauyin yaro ba, wurin ya zama babu komai, to shi babu komai ɗin wane iri ne? Takwara ta ce masa abin da ba zan sa matar Auta ta rubuta ba. Za ta yi ihu, za ta bar shayi ya huce, kuma za ta kayar da shi kamar yadda ta kayar da shi a baya, wannan ko shakka ba na yi. Ni ba mai gadi nake tsoro ba. Ku nake tsoro. Jiya Auta ya tare ni a matakala, ya ce ya yi magana da likita, mota ta samu, kwamfutar kuma zai kulle ta a shagonsa sai yarinya ta huta. Na yi masa duk bayanin nan da na yi maka, yana ta kallon silin. Da na kai kan shugaban nan mai sanƙo sai ya ce Inna, ke ma abin ya fara shafar ki. Ya ce shi umarnin Yaya yake bi, in Yaya bai ce a fasa ba, ba fashi. To ka ji. Aikin nan an kusa miƙa shi. In aka ɗauke kwamfutar, Sarkin Sauri zai rubuta kalmar nan tasa ya miƙa, duk wahalar da ta sha ta tafi a banza, yaran mutane kuma sai dai Allah Ya kiyaye. Wannan ɗaya. Na biyu, a sauko da ita ta matakalar nan baffanta yana riƙe da hannunta, maƙwabta kowa ya ɗan buɗe ƙofa yana leƙe. Ko likita ya duba ya ce lafiyarta ƙalau ya sallamo ta a ranar, matakalar nan ba za ta manta ba. Ita ma Takwara ba za ta manta wanda ya aiko da motar ba.

Matar Auta ta tsaya da rubutu tana ƙunshe dariya a cikin mayafi. Na matsa mata, wai agwagwar tana gidansu a saman kabad, ya naɗe ta da baƙin tef ɗin wuta tun daga baki har wutsiya, ya hana kowa taɓawa, in zai wuce ta wurin har ɗan ratsewa yake. Rubuta, ai ke kika tona. Na ce ta kwance ta, ta wanke ta, ta dawo da ita. Amma ba gaggawa, gurbin dai an cike.

Ka gaida uwar Takwara, ka ce mata ta share hawayenta, 'yarta ƙalau take, bakin nan nata da ta gado a wurinta yana nan bai ragu ba. Ka gaida mai sunan babanka, ka ce na ji ya fi ka tsawo, Allah Ya sa ya fi ka saurare. Ka shafa min kan 'yar ƙaramarku mai giɓi. Nas tana gaishe ka. Matar Auta tana gaida Yaya, ta ce don girman Allah kar a ce ita ta faɗi maganar tef. Allah Ya yi muku albarka, Ya rufa mana asiri baki ɗaya. Ni ce uwarka. Ga yatsana nan Nas ta shafa masa biro na dangwala a ƙasa, don kar ka ce wani ne ya ƙaga.

Dakata, kar ki ninke, saura abu ɗaya. Na san kana gama karantawa Auta za ka kira. Ka kira shi, dole, ba ya jin maganar kowa sai taka. Ka ce a fasa mota, ya kuma zo ya ɗaure min soket. Amma shi ne na biyu. Takwara ba ta san da hoton ba, ba ta san da mota ba, ni ban faɗa mata ba. Sai dai ta tambaye ni me ya sa kwanan nan Baba yake mata magana a hankali kamar mai lallaɓa marar lafiya, kullum sai ya tambaya ko tana barci, bai ƙara tambayar aikinta ba. Sai na ce mata shayinki zai huce. Ba na so ta ji a matakala. Daga bakinka za ta ji. Ka faɗa mata abin da ka gani da abin da ya ba ka tsoro, ko dariya ta yi ko fushi, duka ka ɗauka. In ta huce ka ce ta yi maka bayanin mai gadi daga farko. Kar ka ce to, to. Kar ka ba da shawara. Ka yi shiru kawai ka saurara, uwarka ma ta koya da tsufanta.

Takwara tukuna, Babba. Ita za ka fara kira.